Da kuɗi kaɗan, wane kayan kwamfuta zan saya don wasan intanet ya daina cijewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina buga wasannin intanet a kwamfuta, musamman Valorant da Counter-Strike 2, wani lokaci da Fortnite. Kwamfutar tawa tsohuwar ta ofis ce: firosesa Core i5 ƙarni na huɗu, RAM 8GB sanda ɗaya, tsohon hadis mai juyawa, da ƙaramin katin hoto GT 1030. Da Wi-Fi nake haɗa ta da intanet. Wasan yana cijewa, kuma wani lokaci sai in ga ni na fara harbin mutum amma ni ne na mutu. Na tara 'yan kuɗi, ba masu yawa ba. Abokaina sun ce in zuba su duka a kan babban katin hoto. Shin haka ne? In ba haka ba ne, me zan fara saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: me ke sa wasan ya cije, kuma a ina 'yan kuɗin nan za su fi yi maka aiki. Tun daga farko zan gaya maka, kada ka bi shawarar abokanka yadda suka ba ka ita. Katin hoto yana da muhimmanci, babu musu. Amma alamomi biyun da ka ambata ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba, kuma a kan wannan na'urar taka babban kati shi kaɗai ba zai magance ko ɗaya daga cikinsu ba. Sana'ata haɗa kwamfutoci ce da gyaransu, kuma ba abin da ke sosa min rai kamar in ga matashi ya ƙarar da abin da ya daɗe yana tarawa a kan kaya ɗaya mai tsada, ya kunna wasa ya tarar da shi yana nan yadda ya bar shi. Don haka kafin ka fitar da ko sisi, sai ka gano inda jinkirin yake.

Jinkirin iri biyu ne

Duk lokacin da ka danna linzami, saƙon yana bin hanya biyu. Ta farko a cikin ɗakinka take. Firosesa ya karɓi dannawar, ya lissafa inda kowa yake da abin da ya faru, ya miƙa wa katin hoto, katin ya zana, allo ya nuna maka. Ana auna wannan da yawan hotunan da kwamfutar ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya, abin da wasanni ke rubutawa FPS. Idan tana fitar da 60, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Idan 144 ne, milisakan 6.9. Hanya ta biyu kuwa tana fita waje: saƙon ya bar kwamfutarka, ya bi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ya bi layukan kamfanin da ke ba ka intanet har ya isa sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, amsa ta dawo. Lokacin zuwa da dawowar nan shi ne fing.

Cijewar da kake gani tana iya fitowa daga kowace hanya. Amma harbin da ka yi bai ci ba, wannan galibi na hanya ta biyu ne. A irin waɗannan wasannin sabar ce alƙali, abin da ta gani shi ne ya faru, ba abin da allonka ya nuna maka ba. Sabar Valorant tana sabunta yanayin wasan sau 128 a daƙiƙa. Idan harbin abokin karawarka ya isa wurinta kafin naka, ta riga ta yanke hukunci kana matacce, ko da a idonka kai ka riga shi danna kunama. Katin hoto, komai girmansa, ba ya shiga wannan maganar.

Raba su ba wuya. Counter-Strike 2 yana da wurin atisaye da ake bugawa da 'yan wasan na'ura, kuma wannan a kan kwamfutarka yake gudana, ba ya jiran sabar waje. Ka shiga can ka buga na ɗan lokaci. Idan a can ma yana cijewa, matsalar tana cikin akwatin kwamfutar. Idan a can lafiya lau yake tafiya, sai ka shiga wasan intanet ya fara tsalle-tsalle, to layi ne. Sannan duka wasanni ukun suna da saitin da ke nuna maka FPS da fing da yawan ƙunshin bayanan da ke ɓacewa a hanya. Ka kunna su ka riƙa kallo daidai lokacin da abin ya cije, ka ga wace lamba ce ta motsa. Bisa kayan da ka lissafa, ina sa ran za ka tarar kana fama da duka biyun.

Akwai abin da nake so ka riƙe a nan, domin shi ne tushen sauran bayanin. Abin da ido da hannu ke ji a matsayin santsi shi ne daidaito, ba girman lamba ba. Kwamfutar da ke tsaye cak a kan hotuna 90 ta fi daɗin wasa a kan wadda ke kai 200 sannan ta faɗo 40 duk lokacin da aka jefa hayaƙi ko mutane suka taru wuri ɗaya. Haka fing 70 da ba ya motsi ya fi fing da ke lilo tsakanin 30 da 200. Shi ya sa idan kana kallon gwajin da masu sharhi ke yi wa kaya, ka fi mai da hankali kan lambar da suke kira kashi 1 cikin 100 mafi ƙasa, wato yadda na'urar ke yi a lokutan da abin ya fi yi mata nauyi. Matsakaicin lamba yana ɓoye cijewa.

Fara da layi, shi ya fi araha

Mutane da yawa suna zaton wasan intanet yana buƙatar layi mai gudun gaske. A lokacin da ake buga shi, wasa irin naka ba ya cika kaiwa megabit 1 a daƙiƙa. Ƙananan saƙonni yake aikawa, amma da yawa kuma a jere, yana son kowane ya isa a kan lokaci. Babban gudu yana amfani ne wajen sauke wasan da sabuntawarsa, ba wajen buga shi ba. Don haka ƙarin kuɗi a kan babban tsarin intanet ba lallai ya rage maka fing ba.

Wi-Fi ɗin nan shi ne abu na farko da nake zargi. Iska ɗaya kowa ke amfani da ita: wayoyin gida, rautar maƙwabta, na'urorin Bluetooth, har murhun maikurowef, duk suna cunkushe a zangon 2.4 GHz. Idan saƙo ya ci karo da wani, sai a sake aika shi, kuma wannan sake aikawar ce kake gani a matsayin tsalle. Kebul ɗin Ethernet irin Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100, kuma yana cikin mafi arahar abin da za ka saya a duk wannan harka. Na sha ganin kwamfutocin da masu su suka kawo a canza musu kati, aka tarar kebul kawai suke buƙata. Idan ja kebul ba zai yiwu ba sam, ka koma zangon 5 GHz, ka matso da rautar kusa, ka rage bangon da ke tsakaninku.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka buɗe tagar umarni ta Windows, ka rubuta ping, sai adireshin rautarka, sai -t, ka bar shi yana gudu. A kan kebul amsar takan tsaya a milisakan 1 ko ƙasa da haka. Idan a kan Wi-Fi kana ganin 3, sai 80, sai 5, sai a ce saƙon ya ɓace, ka kama ɓarawon tun bai fita daga gidanka ba. Abu na biyu shi ne cunkoso: idan wani a gidan yana ɗora bidiyo, ko wayarka tana kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, saƙonnin wasan sai su shiga dogon layi a cikin rautar suna jira. Wasu rautoci suna da saitin QoS ko SQM da ke hana wannan. Idan taka tana da shi, ka kunna.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saya. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ma'ana, duk kilomita 1,000 da ke tsakaninka da sabar tana ƙara aƙalla milisakan 10 a zuwa da dawowa, kuma wayoyin ba a miƙe suke tafiya ba. Sabar da ke nesa da kai da kilomita 5,000 ba za ta taɓa ba ka ƙasa da milisakan 50 ba, ko da wace irin kwamfuta ka saya. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi sabar da ta fi kusa a saitin wasan. Intanet na tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yana ba da fing na rabin daƙiƙa ko fiye, bai dace da wasan harbi ba. Na wayar salula yana iya yin kyau da safe ya lalace da yamma idan mutane sun yi wa turken sadarwa yawa. Rauta mai ƙahonni da fitilu da aka rubuta wa sunan wasa a kwali ba za ta gyara ko ɗaya daga waɗannan ba, ka bar ta a kanti.

Allon da za ka yi wasa a kai shi ke faɗin katin da kake buƙata

Allon 1080p yana da ɗigo 2,073,600. Na 1440p yana da 3,686,400, na 4K kuma 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080p. Kowane ɗigo aiki ne a kan katin hoto. Mai ƙaramin kasafi da ke wasan gasa ya tsaya a 1080p, inci 24, mai sabunta hoto sau 144 ko 165 a daƙiƙa. Allon 60 Hz hotuna 60 kawai zai nuna maka ko da kwamfutar tana fitar da 300. Tashi daga 60 zuwa 144 kowa yana jin sa a hannunsa nan take. Daga 144 zuwa 240 kuwa ribar ba ta kai milisakan 3 ba a kowane hoto, wannan na wanda ya riga ya gama da sauran ne.

Idan ka sayi allon, ka shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 da hannunka, domin sau da yawa yana zuwa a kan 60 kuma mai shi ya yi wata da watanni bai sani ba. Kebul ɗin allon kuma a jikin katin hoto ake soka shi, ba a ramin madabod ba, wato babban faifan da ake soka sauran kayan kwamfutar a jikinsa. Ka nemi allo mai FreeSync, fasahar da ke daidaita allo da yawan hotunan da kati ke fitarwa, kusan duk na yanzu suna da shi. Saitin V-Sync kuwa ka kashe shi a wasan harbi, yana ƙara jinkiri tsakanin hannu da ido.

Firosesa da RAM: nan ne ciwon kwamfutarka yake

Ka ɗauki firosesa da katin hoto kamar mai yanka da mai ɗinki a shagon tela. Mai ɗinki ba ya ɗinka abin da ba a yanka masa ba. In ka kawo wanda ya fi kowa sauri alhali mai yankan a hankali yake, zama zai yi yana jira. Wasannin gasa an gina su ne da zane mai sauƙi don su gudana a kan kwamfutoci da yawa, saboda haka nauyinsu yana komawa kan firosesa, wanda dole ya shirya kowane hoto kafin a zana shi. Ka duba abin da kamfanin Riot Games ya rubuta cewa ana buƙata don samun hotuna 144 ko fiye a Valorant: kati GTX 1050 Ti, wanda ya fito tun 2016, amma firosesa Core i5-9400F ko Ryzen 5 2600X, masu ƙwaya shida-shida, wato sassan da ke aiki a lokaci ɗaya a cikin firosesa. Naka ƙarni na huɗu ne, na 2013, mai ƙwaya huɗu, yana aiki da RAM irin DDR3. Counter-Strike 2, wanda Valve ya fitar a Satumban 2023, ya fi wanda ya gada nauyi sosai, kuma tsofaffin firosesa masu ƙwaya huɗu suna shan wahala a cikinsa.

Za ka iya tabbatar da wanda ke jiran wani. Ka sa manhajar MSI Afterburner ta nuna maka yawan aikin katin a lokacin wasa. Idan katin yana kan kashi 95 zuwa 100, shi ne ya gaza. Idan yana can ƙasa amma hotunan suna faɗuwa, firosesa ko RAM ne ke riƙe shi. Wata hanyar: ka rage girman hoton a saiti zuwa 720p. In FPS bai ƙaru ba, sabon kati ma ba zai ƙara shi ba.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son ka ƙara zuba kuɗi a tsohuwar na'urar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana farawa ne daga Intel ƙarni na takwas ko Ryzen 2000, tare da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Vanguard, manhajar da ke hana maguɗi a Valorant, tana neman TPM 2.0 da Secure Boot a kan Windows 11. Bayan haka, kwamfutocin ofis sukan zo da ƙaramin fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, na musamman wanda ba shi da wayar da babban kati ke buƙata. Ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kawai yake bayarwa. Akwatin ma sau da yawa siriri ne, katin ba zai shiga ba. Ka ga shawarar abokan naka tana iya tsayawa tun a wajen sokawa.

To me za ka saya? Firosesa mai ƙwaya shida na 'yan shekarun nan ya ishe ka. Biyun da na fi haɗa wa masu irin buƙatarka su ne Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F, dukansu na 2022, masu ƙwaya 6 da zare 12, masu wat 65, kuma na kwali suna zuwa da fankarsu. Na AMD yana zama a soket AM4, a kan madabod B550, ko B450 da aka sabunta wa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa. Na Intel yana zama a LGA1700, a kan B660 ko B760, kuma akwai masu karɓar DDR4 akwai masu DDR5, sai ka duba kafin ka sayi RAM. A wasa kusan kunnen doki suke yi, ka ɗauki wanda jimillar firosesa da madabod ta fi sauƙi a lokacin da za ka saya. Idan kuɗin sun ɗan fi haka, Ryzen 5 7600 a kan AM5 ya fi su, kuma soket ɗin sabo ne, na 2022, zai karɓi firosesan gaba, amma DDR5 kaɗai yake ci kuma jimillar ta fi tsada.

Ka lura da sunaye masu kama da juna. Ryzen 5 5600 yana da ma'ajiyar kusa ta L3 mai 32MB. Ryzen 5 5500 da 5600G suna da 16MB kawai, kuma suna tsayawa a PCIe 3.0, tsohon zubin hanyar da ke haɗa firosesa da kati. Wannan ma'ajiyar tana da tasiri sosai a wasannin gasa, domin ita ke hana firosesa yawan zuwa RAM neman bayani. Shi ya sa Ryzen 7 5800X3D mai 96MB ya yi suna a wurin 'yan wasa tun fitowarsa a 2022. In bambancin kuɗin 5500 da 5600 kaɗan ne, ka cika ka ɗauki 5600.

RAM kuwa, 16GB ka nema, kuma sanda biyu na 8GB, ba sanda ɗaya na 16GB ba. Firosesan nan suna da hanyoyi biyu zuwa RAM. DDR4-3200 yana ba da gigabayit 25.6 a daƙiƙa a kowace hanya, kuma sanda ɗaya yana barin hanya guda a rufe. Illar ta fi fitowa a waɗancan lokutan masu nauyi da na ce ka riƙa dubawa. A madabod mai ramuka huɗu galibi na biyu da na huɗu daga firosesa ake fara cikawa, littafin madabod ɗin zai tabbatar maka. Bayan ka haɗa, ka shiga BIOS ka kunna XMP, wanda wasu madabod na AMD ke kira DOCP ko EXPO. In ba ka kunna ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai iya zama a 2133 ko 2400. Wannan gyara kyauta ne, kuma yana cikin abubuwan da na fi tararwa a kashe a kwamfutocin da ake kawo min.

Sai katin hoto

Yanzu da aka san allon 1080p ne kuma wasannin na gasa ne, zaɓin ya yi sauƙi. Radeon RX 6600 na 2021, mai 8GB da wat 132, ya isa ya cika allon 144 Hz a wasanninka uku idan saitin yana matsakaici ko ƙasa, wanda dama haka masu gasa ke bugawa don su fi ganin abokin karawa. Fortnite ma yana da yanayin sauƙaƙa zane na musamman don wannan. RX 7600 da RTX 4060, na 2023, suna gaba da shi. RTX 3060 mai 12GB har yanzu kati ne mai kyau a kasuwar na hannu. Intel Arc B580 mai 12GB, na Disamban 2024, yana da daraja, amma sai madabod ɗinka yana da saitin Resizable BAR a kunne a BIOS yake nuna ƙarfinsa. Kada ka sayi abin da ya gaza 8GB sabo. Idan kana da niyyar buga manyan wasannin labari na yanzu da saiti mai tsayi, 8GB ɗin ma ya fara matsewa, sai ka duba masu 12GB ko 16GB.

A nan ma suna yana yaudara. Akwai RTX 3060 mai 8GB da ya fi mai 12GB rauni, ba a ma'ajiya kaɗai ba har a faɗin hanyar bayanai. Akwai RTX 3050 mai 6GB da bai kai mai 8GB ba. GT 1030 ɗinka ma kala biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun kuma ya yi ƙasa sosai. RX 6500 XT yana da 4GB da layukan PCIe huɗu kacal, yana raguwa a kan madabod mai PCIe 3.0, kuma ba shi da sashen naɗar bidiyo, in har kana tunanin watsa wasanka kai tsaye wata rana. Ka karanta cikakken suna da adadin ma'ajiya, sannan ka nemi gwajin wannan katin a kan wasan da kake bugawa.

Za ka ji ana tallar fasahar da ke ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakanin na ainihi. Tana ɗaga lambar FPS kuma tana da kyau a wasan da kake bugawa kai kaɗai, amma ba ta rage jinkirin hannu, ƙara shi ma take ɗan yi. A wasan harbi abin da zai amfane ka shi ne Nvidia Reflex ko AMD Anti-Lag.

Inda ba a tsuke hannu, da inda ake tsukewa

Fawa saflai shi ne wurin da masu ƙaramin kasafi suka fi yanka, kuma shi ne wurin da na fi roƙon kada a yanka. Araha ba ta ado. Marar kyau yana kashe kwamfutar tsakiyar wasa, in ya ƙone kuma yana iya tafiya da madabod da kati. Wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, mai garanti na shekaru, ya ishi duk haɗin da na ambata. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa ne kawai, kusan kashi 85 cikin 100 yake isarwa a rabin lodi. Ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce, don haka ka nemi sharhin wannan samfurin. Shi ne kuma kaya ɗaya da ba na saya na hannu.

Tsohon hadis ɗinka yana karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, kuma yana cikin masu jawo cijewa idan wasa ya nemi wani abu tsakiyar fafatawa, musamman Fortnite mai faffadan fili. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, irin na SATA yana kai kusan 550, irin na NVMe a kan PCIe 3.0 kusan 3,500. Tashi daga hadis zuwa kowane SSD babban canji ne, amma tsakanin SSD mai sauƙi da mafi tsada ba za ka ji bambanci a wasa ba. Ka ɗauki 1TB in ka iya, 500GB in ba hali, ka bar hadis ɗin ya zama ma'ajiyar fayiloli.

Akwati kowane ne, muddin gabansa raga ne da iska ke shiga, da fanka a gaba da baya. Zafi yana sa firosesa da kati su rage gudu don kare kansu, shi ya sa wata kwamfutar ke fara wasa lafiya sai ta fara ja bayan rabin awa. Ka riƙa busa ƙura. Fitilu masu launi, sanyaya da ruwa, da madabod mai tsada ba sa ƙara hoto ko ɗaya a wannan matakin. Linzami kuwa ka nemi mai aika rahoto sau 1,000 a daƙiƙa, domin na ofis sau 125 yake yi, wato milisakan 8 tsakanin rahoto da rahoto.

Kayan hannu da laftof

Firosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, sayensu na hannu hanya ce mai kyau ta rage kuɗi, sai dai ka duba ƙafafun firosesan AM4 kada a sami lanƙwasasshe. Katin hoto na hannu kada ka biya sai ka gan shi yana aiki. Manhajar GPU-Z za ta nuna maka ko shi ne abin da aka ce, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna. Ka bar shi a cikin wasa mai nauyi na aƙalla minti 20, kana kallon zafinsa, kana sauraron fankokin, kana duba ko ɗige-ɗige ko layuka za su fito a allo. SSD na hannu kuma CrystalDiskInfo zai faɗa maka yawan abin da aka rubuta a kansa da lafiyarsa.

Laftof sai in yawo da ita dole ne. A kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi sanyi, kuma ana canza mata kaya ɗaya-ɗaya. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har 115 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, don haka laftof biyu masu suna ɗaya a takarda suna iya bambanta nesa ba kusa ba.

Daga nan inda nake ba zan iya auna layinka ba, kuma farashin kaya yana hawa da sauka har wanda ya fi dacewa yau ya zama na biyu bayan wata uku. Gwaje-gwajen da na nuna maka su za su gaya maka gaskiyar na'urarka fiye da ni. Amma idan kuɗin ba za su kai a sayi komai lokaci ɗaya ba, ka ja kebul tukuna, sannan ka sayi firosesa da madabod da RAM da SSD da fawa saflai da akwati a tashi ɗaya, domin su ne ba sa rabuwa. GT 1030 ɗinka ka mayar da shi cikin sabuwar, dama Ryzen 5 5600 da i5-12400F ba su da sashen hoto na kansu, dole sai da kati. Ka duba ko ƙarfen bayansa gajere ne irin na siririn akwati, in haka ne sai ka nemi dogon. Da shi Valorant zai yi maka daɗi a ƙaramin saiti, Fortnite zai taɓuka a yanayin sauƙaƙa zane, Counter-Strike 2 kuwa zai ci gaba da yi masa nauyi saboda 2GB ɗinsa. Idan ka sake tarawa sai kati, bayansa allon 144 Hz, kuma duk wanda ka soka a lokacin zai tarar da firosesan da zai iya ciyar da shi.